Bayan "Allah Ya Kiyaye Gaba", Wa Ke Tambayar Yadda Aka Yi?

Mutane da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa zaurukan WhatsApp na tsofaffin 'yan makaranta da na dangi asarar data ce kawai. Ba su rasa hujja ba. Gari na wayewa za a cika maka waya da hoton fure da barka da Juma'a, a biyo da tallan atamfa da turaren wuta, can da la'asar kuma wata ta shigo da saƙon murya tana ba da labarin yadda miyarta ta kama saboda ta tsaya duba waya. Masu wancan hukunci suna ɗaukar labarin miyar a matsayin ƙarshen shirme. Ni kuwa a wurina, cikin duk abin da ke wucewa ta waɗannan zauruka babu wanda ya kai shi daraja. Mu ne muke zubar da darajarsa da irin amsar da muke bayarwa.

Sai wanda ya tashi a Kaduna zai san nauyin abin da waya ta yi mana. Mu da muka yi makaranta kafin 2000 mun zauna benci ɗaya da 'yan Kakuri da 'yan Kawo, da 'yan Barnawa da 'yan Unguwar Shanu, ba mai tambayar wani daga wane gefen kogi ya fito. Rikicin Fabrairun 2000, sannan na Nuwamban 2002, suka tsaga garin gida biyu. Wasu suka kwashe kaya suka koma Tudun Wada da Rigasa, wasu suka tsallaka gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Romi. Masaƙun Kakuri da suka haɗa iyayenmu wurin aiki ɗaya su ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957 ta tsaya cik a 2002. Ƙawar da kuke raba ƙosai da ita in an fita tara sai ta ɓace miki shekara da shekaru, alhali kuɗin mota ɗaya ne tsakaninku. 2go da Facebook suka fara tono mana juna, WhatsApp ya tara mu wuri guda.

To an taru, me za a ce? In aka taɓo siyasa, kafin a je ko'ina wani ya yi fushi ya fice. Addini kuwa admin ya kafa masa doka tun ranar farko, kuma ya kyauta. Zancen ci gaba, wane ya gina gida a Millennium City, wance ta kai 'ya'ya karatu Ingila, yakan sa rabin zauren ya yi tsit, don ba kowa ke da abin nunawa ba. Abu ɗaya ya rage wanda mai shi da marar shi, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, kowa ke da nasa labarin: famfon da aka bari a buɗe don ya yi sati ba ya kawo ruwa, sai ya kawo da ƙarfe uku na dare, aka farka tabarma na iyo a falo. Ko wadda ta zuba gishiri a kunun baƙi a madadin sukari. Ko maigidan da ya ce shi ma ya iya gyaran fanka, ya bar gidan kwana biyu babu wuta. Ranar da aka kawo irin wannan labari har waɗanda suka shekara ba su ce uffan ba sukan leƙo. Wannan zumunci ne na gaske, kuma ban ga dalilin da zai sa a raina shi ba.

Amma a duba da kyau, yawancin labaran nan tushensu ɗaya. Muna zaune a garin da wuta da ruwa ba sa sallama, ko za su shigo ko za su fita. An ɗauke wuta kana cikin guga, ka ajiye dutsen a kan riga ka fita, an dawo da ita ba ka nan. In rigar makaranta ce kawai ta ƙone, sai a ɗauki hotonta a tura zaure a sha dariya. Gobara ce fa aka yi, Allah ne ya taƙaita ta. Haka hitar da aka tsoma a bokitin roba aka manta. Tsakanin labarin ban dariya da saƙon rasuwa, sau da yawa tazarar ba ta wuce labule ya rataya kusa ko ya rataya nesa ba.

Amsarmu kuwa yawanci iri biyu ce. In abin ya zo da sauƙi, hoton fuska mai dariya da hawaye. In ya zo da ciwo, layin "Allah ya kiyaye gaba", mutum talatin, kowa ya rubuta nasa ya wuce. Addu'a ba ta da laifi, ni ma ina yi. Abin da ba na gani shi ne mutum ɗaya da zai ce, "Yaya aka yi? Ina hitar take jone? Wane irin soket ne?" Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu sai mu yi wa mai gemun jaje, mu koma mu kwanta kusa da irin wutar da ta kama shi.

Akwai amsa ta uku, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Wata rana da safe wata 'yar ajinmu ta shigo hankali a tashe, ɗanta mai rarrafe ya jawo kofin shayi ya sheƙa a ƙirji. Kafin ta gama rubutu magunguna sun fara sauka. Wannan ta ce makilin, waccan ta ce ɗanyen ƙwai. Wata ta ce a barbaɗa gishiri don kada ya tashi, wani daga cikin mazan ya ce baƙin mai na mota ba shi da na biyu. Duk masoyanta ne, ba wanda ya nufe ta da sharri, kuma babu ɗaya daga cikin shawarwarin da ba zai ƙara wa yaron wahala ba.

Abin da ƙuna take so ruwa ne, ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi yana gudana a kan wurin har tsawon minti 20. In famfo ba ya kawowa, a riƙa kwarara da buta ko moɗa. Dalili shi ne, ko bayan an raba fata da abin da ya ƙona ta, zafin yana nan yana ci gaba da cin naman ƙasa, ruwan ne ke janye shi. Mai da makilin kuwa rufe zafin suke yi a ciki, su kuma shigar da datti. In aka je asibiti sai ma'aikatan jinya sun fara goge su tukuna kafin su ga girman ciwon, kuma duk wanda ya taɓa jin kukan yaron da ake goge wa makilin daga ɗanyar ƙuna ba zai sake ba da wannan shawara ba. Ƙanƙara ma ba a so, tana ƙara lalata fatar. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa bororo, a rufe da ƙyalle mai tsabta. In ƙaramin yaro ne, ko ƙunar ta taɓa fuska ko hannu ko gaba, ko tana da faɗi, to asibiti za a nufa, ba kemis ba. Wannan bayani bai fi saƙo ɗaya ba a waya, amma a ranar sai da ya zo bayan makilin da ƙwai.

Haka batun kananzir da fiya-fiya. A gidaje da yawa cikin gorar lemo ko ta ruwa ake ajiye su, a ƙasan gado ko bayan ƙofa, daidai tsayin ɗan shekara biyu da ke jin ƙishirwa. Da an ce yaro ya sha, abin da za ka fara ji shi ne a ɗura masa manja, a sa masa yatsa ya yi amai. Haɗarin kananzir kuwa ba a ciki ya fi yawa ba, a huhu yake. Amai da ɗura su ne hanyoyin da suke kai shi huhun. Yaron da da zai tashi da ɗan tari sai a kai shi asibiti yana numfashi da ƙyar. Ba a sa shi amai, ba a ɗura masa komai, a ɗauke shi da gorar da ya sha a tafi da su tare don likita ya san abin da yake yaƙi da shi. Tun 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar da hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan kantuna, domin maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba. Duk da haka har yau ana yayyafa irinsa a ɗaki a rufe ƙofa saboda sauro, kuma a zaurukan nan namu ake koya wa juna.

Mun taɓa ganin iyakar inda irin wannan ke kaiwa. Cikin Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wa ya manta kiran asubar nan? Uwa ta kira ɗa, ɗa ya kira ƙanwa, aka tashi ana dafa ruwa tun kafin kiran salla. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama suka kwanta asibiti, ba don Ebola ba, don gishiri. Daga baya kamfanin WhatsApp ya sa wa turawa linzami: a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo ya koma wuri ɗaya. Amma wannan linzami bai kama abin da ya fi tasiri a wurinmu ba. Saƙon muryar da Anti ta naɗa da bakinta, tana cewa ita da kanta ta gwada a kan jikanta, ba ya ɗauke da wata alamar gargaɗi. Kuma shi muka fi yarda da shi.

Abin takaicin, da wuya ka samu zauren da babu ma'aikaciyar jinya, ko likita, ko mai haɗa magunguna, ko mai aikin wayar wuta. Suna ciki, suna karantawa. Wasu kan bi ta bayan fage su kira mai matsalar su gaya mata gaskiya, su bar sauran jama'ar zauren da makilin a ka. In ka tambaye su dalili sai su ce ba sa son a ce sun ƙaryata babba a gaban mutane, ko a ce suna nuna sun yi boko. Na san nauyin wannan, a gidan da ake kara na tashi. Amma kara ba ta hana gyara, salon gyaran kawai take canzawa. Na ga wata ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya ta yi shi a zauren dangi, ga yayar mahaifinta. Ta ce, "Gwaggo, Allah ya ƙara girma, haka muka taso muka ga ana yi, ni ma da shi aka yi mini. Sai dai yanzu a wurin aiki abin da muke gani ya sa aka hana. Don Allah ku taya mu gaya wa matan gida, sun fi jin maganarku." Gwaggo ba ta ji an ci fuskarta ba, ita ce ma ta ɗauki saƙon ta kai wa matan unguwarsu. Shirun masani a irin wannan wuri ba ladabi ba ne, ko da ya sa masa sunan ladabi.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda. Amma mu Musulmin cikin zauren muna da abin koyi a kan wannan batu kai tsaye. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wuta abokiyar gabarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. An kawo labarin tsautsayin gida ɗaya, aka fitar da darasi ga gari gaba ɗaya. Ba a tsaya a jaje ba.

Abin da ke hana mu yin haka, a ganina, tsoron zargi ne. Da yaro ya faɗa ruwan zafi, tambayar farko ita ce ina uwarsa take. Uwar miji za ta ji, kishiya za ta ji, a yi ta maimaitawa har yaron ya yi aure. Don haka mata suka koyi ɓoyewa. Ana kawo labarin miyar da ta kama saboda ba ya jawo wa kowa suna, amma labarin tukunyar ruwan wankan jego da aka sauke a tsakar gida yara na wasa, wannan a ciki yake mutuwa. Kuma in za a bi diddigi, rabin abin da ke haddasa haɗari a gida ba a hannun mace yake ba. Wa ya kira yaron unguwa ya ja wayar wuta da siririyar waya don ta fi araha? Wa ya sayo tsohuwar tukunyar gas ta hannu? Wa ya ce a shigo da janareta baranda saboda ɓarayi? Zauren da wadda ta faɗi abin da ya same ta za ta sha tsokana ko gori, ba zai ƙara jin labarin da zai amfane shi ba.

Ga shi kuma zamanin ya canza mana murhu ba shiri. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi, gidaje da yawa da suka saba da gas suka koma gawayi, wasu suna haɗa biyun. A Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, duk wanda ke da janareta ya tayar da shi, marar shi ya nemi kyandir. Matan da suka girma da risho ko gas yau suna hura kurfoti, kuma ba kowace aka gaya wa cewa gawayi na kisa ba tare da ya ƙona ko zare ɗaya ba. Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, sai a shigo da garwashi ɗaki a toshe taga don a ji ɗumi. Garwashin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Farkonta ciwon kai da jiri da kasala, abin da kowa zai ce zazzaɓi ne ya ja bargo. Hayaƙin janareta ma ita yake ɗauke da ita. Shi ya sa akan wayi gari a fasa ƙofa a tarar da iyali guda ba rai, a koma ana zargin abincin dare ko aljanu.

Gas kuwa mutanen Kaduna ba sa buƙatar a ba su labari. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon sayar da gas ya fashe a Sabon Tasha, ya hallaka mutane, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya. Gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe irin waɗannan shaguna da ke tsakiyar gidajen jama'a. Mai yawo a unguwanninmu yau shi zai faɗi ko umarnin na nan da ƙarfinsa. Wannan aikin hukuma ne, kuma ya kamata a ci gaba da tuna mata. Amma tukunyar da ke kicin ɗinka taka ce. Tana da wa'adi, shekarar da aka ƙera ta na buge a jikinta. Tiyo yana tsufa ya tsage, ɓera na cin sa. Da kumfar sabulu ake gwada yoyo, ba da ashana ba. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, don haka in ka shigo ka ji warinsa, kada ka taɓa makunnin wuta, ko kunnawa ko kashewa; ka rufe kan tukunyar, ka buɗe ƙofa da taga, ka fitar da yara. In mai ya kama da wuta a kasko, murfi ake rufawa a kashe murhu. Ruwa watsa wutar yake yi har rufi. Cikin 'yan ajinmu da suka koma gas, nawa ne wani ya zaunar ya gaya wa waɗannan? Yawancinmu mai shago ne ya ɗaura mana kai ya ce Hajiya sai an jima.

Wani zai ce na ɗora wa zauren hira kayan da ba nasa ba, mutane sun zo su huta ne, ba su zo aji ba. Akwai gaskiya a ciki. Ni ma ba na son zauren ya koma inda kowace dariya sai an biyo ta da lacca, in aka yi haka kowa zai gudu, mu koma gidan jiya. Kuma waya tana da iyaka. Ƙawarki da ke Legas ko Jidda za ta iya yi miki addu'a cikin daƙiƙa, amma ba za ta miƙo bokitin ruwa ta katanga ba. A lungunan Rigasa da Tudun Wada da motar 'yan kwana-kwana ba ta iya kutsawa, ga tagogi an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi, maƙwabci ne ke fara fasa ƙofa. Akwai masu lambar mutum ɗari biyu na makarantar da suka bari shekara ashirin, amma ba su da ta mai gidan da suke haɗa bango. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ita ma da wuya ka ji an ambace ta a zaure.

Abin da nake nema bai kai lacca ba. A yi dariyar tabarmar da ta yi iyo, sannan wani ya tambayi yadda aka yi. Wadda ta kawo labarin ƙunar ɗanta a gode mata, kada a tambaye ta inda take lokacin da abin ya faru. Masu ilimin cikinmu su yi magana a fili, a inda aka yi kuskuren, ba ta bayan fage ba. Admin-admin ɗinmu kuma, da suka iya rubuta doka mai tsawo a kan siyasa da talla da kuɗin gudunmawar biki, su ƙara layi ɗaya: in aka ce wani ya ƙone, ko ya sha wani abu, ko wuta ta ja shi, kowa ya riƙe maganinsa, a kira wance da wane, su ne ma'aikatan lafiyarmu, ga lambobinsu a saman zaure.